Gorar Zoɓo a Bencin Asibiti

A bencin asibiti a Rano, wata dattijuwa tana zaune kusa da ni, siririya, mayafinta ya koɗe amma fes yake. Mijinta ya jingina da kafaɗarta, zazzaɓi yana kaɗa shi, numfashi da ƙyar. A cinyarta akwai gorar zoɓo, ta riƙe ta hannu bibbiyu.

Tana buɗe murfin ke nan sai nas ɗin da ta auna shi ta ce, "Kada ki ba shi, Inna."

"Zoɓo ne, 'yar nan, ko sukari babu. Hawan jini gare shi. Tun da ciwon ya kashe yayansa ban taɓa fashin dafa masa ba."

"Yau jininsa sauka ya yi, zoɓo zai ƙara saukar da shi. Ciwon huhu ne. Sinadaran da ke daidaita hawa da saukar jini suna da hannu a kumburin da jiki ke yi in yana yaƙar ƙwayar cuta. Har maganinsa a dakata, sai likita ya gan shi."

Ina kallon yatsun dattijuwar, zoɓo ya rina su ja. Ina jin wannan gorar ce ta yi shekaru tana tsare mata miji. Ba ta musa ba, ta mayar da murfin.

"To, me zan yi masa?"

"Ki riƙe shi kawai."

Ta tura gorar ƙarƙashin benci, ta tallabe shi da hannun nan biyu.