Amanar da Kawu Gimba Ya Kai Ɗaki

Talata: Potiskum zuwa Gadaka

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fito daga gidanmu a Yindiski, ni da Baffa Ilu, ƙanen mahaifina, wanda yake kai goro Gadaka. Innata ta rako mu bakin zaure, ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a gefen mayafi, ta ce, "Dije, ban da kallon sama. Ki riƙa duban inda kike takawa." Ta san 'yarta.

Ga abin da ya tayar da tafiyar. Wan Innata, Kawu Gimba, shi ne mai unguwar wani ɗan ƙauye a bayan Gadaka. Ranar Lahadi ya aiko da wata takardar Turanci in karanta, tun da ni ce mai koyar da 'yan mata a makaranta. Daga ma'aikatan safiyo take, masu awon ƙasa. Ta ce ranar Alhamis malaminsu zai zo duba bikon ɗin da aka kafa a gonar Kawu shekara biyu da suka wuce, kuma duk wanda ya gusar da bikon daga mazauninsa, tara ce ko gidan yari. Sai ɗan aiken ya ƙara da saƙon baki: "Ya ce kada ki damu. Abin yana nan lafiya a ƙuryar ɗakinsa, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."

Na tsorata. Amma ba zan ɓoye muku ba, har da ɗoki. Lokacin da nake makaranta a Kano malamarmu ta koya mana kalmar nan. Ta ce bikon wuta ce da ake hurawa a kan tudu don na nesa su gani, ko doguwar hasumiya a bakin teku mai fitila a ka, wadda jiragen ruwa suke dubawa su gane hanya. Ta ce fitilar nan mai juyawa ta filin jirgin sama, wadda muke hange da magariba, ita ma bikon ce, kuma har mutum ana kiransa haka in shi ake dubawa a gane daidai. Har waƙa na rubuta a kai, baiti tara. Yanzu ga shi an ce akwai namu na kanmu, a dangin Innata.

Direban lori, Malam Bukar, ya ce ƙarfe shida za mu tashi. Ƙarfe bakwai da minti goma muka tashi. Sule biyu ne a baya kan buhunan gishiri, Baffa ya ƙara sisi aka ba ni gaba. A bakin gari ɗan doka ya tsayar da mu, ya leƙa, ya karɓi goro ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Malama, me za a je yi Gadaka?" in ji Malam Bukar.

Na ce zan je ganin bikon, mai fitila a ka.

"Bikon? Dutsen safiyo? Ai na taɓa fasa taya a kan ɗaya. Siminti ne, ko akuya ba ya burge ta."

Na ce a raina, wannan na bakin hanya ne, namu dabam.

An yi ruwan farko kwana uku kafin nan, daji ya soma toho, ƙasa tana ƙamshi. Ina cikin neman kalmar da za ta dace da launin sabon ganye sai motar ta kafe a yashin wani rafi, wajen mil ashirin. Maza suka sauka turi. Baffa ya tsaya gefe yana ba da umarni, wai bayansa yana ciwo. Awa ɗaya da rabi muka yi a nan. Ƙarfe biyu muka shiga Gadaka, mil talatin da 'yan kai daga gida. Muka sauka gidan mai masaukin Baffa, matarsa ta ba ni tuwon gero da miyar kuka, na sayi kindirmon kwabo a wajen wata Bafillatana wadda ta tambaye ni ko gaskiya ne 'yan boko ba sa iya daka.

Laraba: ƙauyen Kawu

Ƙarfe shida da rabi muka hau jakuna, mil huɗu, ƙarfe takwas muna ƙofar gida. Kawu Gimba ya tarye mu da murna, bai bari na sha ruwa ba ya ja ni ɗakinsa. Ya yaye wata tabarma. A ƙarƙashinta akwai tsohon bargo. Ya yaye bargon.

Guntun siminti ne, tsawonsa bai kai taɓarya ba, kaurinsa kamar cinyar ƙato, da lamba a kansa. Babu fitila. Babu ko wurin sa lagwani. Baitina tara suka watse a take.

"Kin gani?" in ji Kawu. "Kamar jiya aka yi shi."

"Kawu, me ya sa ka cire shi?"

"Cewa suka yi amana ce, ta hannuna. Ke a gidanku in an ba ku amana a daji kuke barinta? Shanu suna soshe-soshe da shi, damina ta ƙarato. Na ce ba a kaina ba. Jaki biyu na sa."

Na zauna na bayyana masa abin da ke cikin takarda. Na ce amfanin abin shi ne ya tsaya inda aka tsayar da shi, don daga kansa suke awon komai. Sai ya ce a hankali, "Wato da na bar shi a rana ruwa ya doke shi, da na yi daidai? Ni da ko gaban alƙali ban taɓa tsayawa ba?" Ya ja bargon ya sake rufe bikon. Ban taɓa ganin Kawu haka ba.

Baffa Ilu ya ce, "Abu mai sauƙi. A mayar da shi gona a binne. Gona ai gona ce, wa zai sani?"

"Su za su sani, Baffa. Da sarƙa suke awo."

"To a mayar da shi raminsa."

Nan ne gizo ya saƙa, domin an yi huɗa sau biyu a gonar. Muka fita da dattawa uku. Na farko ya nuna kusa da tsamiya, ya rantse. Na biyu ya nuna taku arba'in gabas da nan, shi ma ya rantse. Na uku ya ce ranar yana kasuwa, amma duk su biyun sun yi kuskure. Har azahar muna zagaye, ba mu sami komai ba sai ƙaya.

Da la'asar ina taya matar Kawu, Inna Adama, gyaran wake. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Dije, gidan yarin nan, da gaske ne?"

Na ce haka aka rubuta.

Ta ture faifan. "Taso."

Ta kai ni kusurwar gonar ta yamma, inda ba wanda ya nuna. Akwai wata bishiyar lalle da ta kai ƙirjina, ta yi lif.

"Ranar da suka cire shi na ga rami a banza, ƙasa mai laushi, har da gawayi. Na dasa. Duk ƙauyen nan ba mai lalle irin nawa. Na san in na faɗa tumɓuke shi za a yi." Ta shafa ganyen. "Amma lalle ana sake dasawa. Kawunki kuwa ya tsufa da cin gabzar gidan yari."

Alhamis

Ƙarfe tara malamin safiyo ya iso a keke, leburori biyu suna biye da shi da kaya. Malam Yusufu sunansa, mutumin Zariya, mai ɗan gemu. Kawu ya sa babbar rigarsa. Tun da daddare, da Inna Adama ta faɗa masa zancen lallen, ya ce ba zai binne komai a ɓoye ba, shi zai faɗa da bakinsa, ni in tsaya kusa ko za a buƙaci Turanci. Ba a buƙata ba. Ya kai malamin ɗaki, ya yaye tabarma, ya yaye bargo.

Malam Yusufu ya dubi bikon, ya dubi Kawu. Ya cire hula ya share fuska.

"Mai unguwa, na ga wanda aka fasa. Na ga wanda aka yi murhu da shi. Yau ne na fara ganin wanda aka lulluɓe. Ka san laifi ne?"

"Jiya na sani, ranka ya daɗe."

"In ba a gane raminsa ba, sai an sake awo tun daga farko, kuma dole in rubuta sunanka. Ka san wurin?"

Kawu ya waiga ya dubi matarsa.

Muka ɗunguma gona. Malamin ya ce a ƙarƙashin kowane bikon suna binne ƙusa a cikin siminti, da gawayi da fasassun kwalabe, saboda rana irin ta yau. In ƙusar tana nan, magana ta ƙare. Leburori suka ɗaga diga. Inna Adama ta sha gabansu.

"Kai, ɗan nan, ba rogo kake haƙa ba. Da ƙasarsa za ka cire mini shi."

Suka bi a hankali, suka ɗauke lallen da saiwarsa. Aka ci gaba da tono. Gawayi ya fito. Kwalba ta fito. Sai shebur ya yi ƙara. Malam Yusufu ya durƙusa ya share da hannu, ga kan ƙusa, saiwar lalle ta naɗe ta kamar zobe. Kawu ya zauna daɓas a kan kunyar gona, da babbar rigarsa da komai.

Kafin azahar an kafa bikon, an zuba sabon siminti. Malamin ya rubuta gaskiya a littafinsa, ya karanta mana: an same shi a cire, ba da mugun nufi ba, an mayar da shi a kan ƙusarsa. Kawu ya yi godiya, ya matsa kusa, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, ko 'yar rumfa in yi masa?"

"Mai unguwa, don Allah ka bar shi ya sha rana."

Juma'a: gida

Ƙarfe shida muka bar ƙauyen. Da muka bi ta gefen gona na hangi Kawu tsaye a gaban bikon, hannu a baya, yana dubansa kamar wanda ya kai ɗa makaranta. Inna Adama kuma tana bayan gida tana ba lallenta ruwa a sabon wurinsa. A Gadaka muka sake samun Malam Bukar, ya ce, "Malama, an ga fitila?" Na ce an gani, sai dai koriya ce, kuma ganye gare ta. Ya ce boko dai bai yi ba.

Rafin ya bar mu muka wuce wannan karon. Ƙarfe huɗu da kwata muka sauka a Potiskum, na tarar da Innata a bakin zaure inda na bar ta. Kafin in gaishe ta na ce, "Ba a tafi da Kawu ba." Sai ta juya ta shiga ciki da sauri, wai tukunya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Yusufu da ya yi haƙuri, da Baffa Ilu duk da bayansa. Godiya ta musamman ga Inna Adama, wadda ta ba ni ƙwarya cike da ganye daga bishiyar da ta riƙe wa bikon wurinsa shekara biyu. Da shi a hannuna nake wannan rubutu. Ya kama sosai.