Gaisuwar da ta kayar da katangar tsaro

Saura sati ɗaya a tabbatar da ni a aiki a wani ofishi a Gusau mai rassa a Tsafe da Bunguɗu, na ce sai na nuna musu ni ma na yi boko. Katangar tsaron intanet ɗinmu tana toshe shafukan ƙwallo ne shiru, ma'aikata su yi ta zagin sabis. Sai na kutsa can cikin kanel, wato zuciyar na'urar, na rubuta mata yadda za ta ƙera fakiti da kanta: ta ware wuri, ta ɗora adireshi, ta zuba saƙo a ciki ta mayar wa mai nema. Saƙon kalma uku ne: an toshe shafin.

Shugaban sashenmu, wani Alhaji da ya tsufa a aikin gwamnati, shi ne mai sa hannu a takardar tabbatar da ni. Da ya gani sai ya ɓata rai. Wai akwai dattawa a Bunguɗu da suka haife ni, ta yaya ƙarfe zai hana su abu babu ko sallama? Ya zauna ya yi min shifta: sallama, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina, a yi haƙuri, sannan maganar toshewa. Raina ya ɓaci, na kwafe na tura wa na'urorin katangar na Gusau da rassa duka ban ko gwada ba.

Na manta ban faɗaɗa wurin da na ware ba. Wurin kalma uku na ɗura wa gaisuwar taron suna guda. Kanel kuwa ba ta da kawaici, ka wuce iyaka ta faɗi matacciya. Wani ya nemi sakamakon wasa a Tsafe, na'urar can ta ɗauke ɗif. Bunguɗu, ɗif. Kafin azahar Gusau ma ta bi su.

Na wuni kan mashin ina tayar da su. Da la'asar na dawo wujiga-wujiga, Alhaji yana zaune, takardata a gabansa, biro a hannu. Ya ce, “Malam, mi ya kashe su?”

Da na ce kuskurena ne, wallahi da ya sa hannu, don mutum ne mai yafiya. Amma yunwa da zafin rai suka riga ni.

“Gaisuwarka ce, Alhaji.”

Ya dube ni, ya rufe biron a hankali, ya jefa takardar a durowa. Wata shida na gwaji ya ƙara min. Abin da ke ci min rai har yau, na san sarai ƙarya na yi wa dattijon.