Faifan da Kawu Ishaya Ya Fi So

Shekara takwas ke nan cif da muka binne Kawu Ishaya a Birmingham, kuma sai a watan jiya na gane ban san shi yadda nake taƙama ba.

Yayan mahaifiyata ne. Ya tuƙa bas a birnin har ya yi ritaya, ya kuma jagoranci mawaƙan cocinsu. Da na zo karatu Manchester na sauka a Fallowfield, gidansa na unguwar Balsall Heath a Birmingham ya zama gidana. Kusan kowace Asabar ina can, mu ci tuwon semo, sannan ya tura ni kujera ya buɗe garmahonsa.

Abin da yake sa mini ɗaya ne: wasu waƙoƙin Jamusanci a jere, waɗanda aka tsara fiye da shekara ɗari da suka wuce, murya guda da taron makaɗa a bayanta, duk a kan bankwana da duniya. Ni da shi babu mai jin Jamusanci, fassarar bayan kwali muke bi. Yana da faifansu na mawaƙa daban-daban, kuma da yake sunayensu na karya masa harshe, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Hakimi, mai kaurin murya, da ke rera bankwanan kamar yana ba da umarni. Akwai Amarya, murya garau, ba ta taɓa tuntuɓe. Sai Gwaggo, wadda ta yi nata da tsufa: tana jan waƙar a hankali har makaɗan kan jira ta, kuma a baitin ƙarshe numfashinta yakan yanke a tsakiyar layi kafin ta ƙarasa.

Ni Gwaggo na zaɓa tun farko. Na ce ita kaɗai ce ta yarda cewa za ta mutu. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce tausayi nake ji ba waƙa ba, Amarya ce ta san aikinta. Idan na ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai ya ce mai ita ya daɗe a ƙasa, yanzu ta mai numfashi ce. Shekara goma sha ɗaya muna wannan musu. Na gama karatu, na yi aure, na koma unguwar Levenshulme a Manchester, ban fasa hawa jirgin ƙasa don in kare tsohuwar nan ba. Wani lokaci na dawo da haushinsa na gaske.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da zamanin nan, da waya ke zaɓar wa mutum abin da zai ji, a tsallake waƙa tun ba ta buɗe baki ba. Shi da ba ya yarda a motsa cokali idan allura ta sauka kan faifai. Ina jin zai ce an sami mawaƙa dubu an rasa abokin musu ɗaya.

A watan jiya 'yarsa Saratu ta kira ni. Za a yi addu'ar tunawa da shi, tana so a sa waƙar ƙarshe a muryar da ya fi so. Na ce Amarya, babu ko tantama. Ta ce, “Yaya, are you sure? Ni Hakimi yake yaba mini kullum, don na ce Amarya nake so.” Ashe duk wanda ka zaɓa, kishiyarsa Kawu yake ɗauka. Taro saura mako biyu, kuma mu biyun da muke ganin mun fi kowa kusa da shi ba mu san abin da zuciyarsa take so ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoron mu sa masa muryar da ba tasa ba.

Muka je wurin Mama Rifkatu, matarsa. Ta jawo akwatin faya-fayansa ta zaro kwali ɗaya da aka ɗaure gefensa da salatif. Sauran suna ƙyalli kamar jiya aka saye su. Wannan kuwa allura ta cinye faifan cikinsa har waƙar ƙarshe tana fita da shuu. Gwaggo ce. Mama ta ce ita yake sa wa idan babu baƙo, musamman bayan likita ya gaya masa halin da zuciyarsa take ciki.

Na ce, “Mama, to me ya sa bai taɓa gaya mini ba?”

Ta dube ni kamar yaro. “Da ya yarda da kai, me zai kawo ka Asabar ta gaba?”

Kawu bai bar gida nasa na kansa ba, bai bar suna a jarida ba. Ya bar mini kunnen da ke tsayawa ya saurari mutum har ya kai aya, ko da muryarsa na rawa. Mun sa Gwaggo a taron. Na yi shekara goma sha ɗaya ina son in ci wannan musu, ranar da na ci kuwa babu wanda zan gaya wa. Allah ya ba shi hutawa.