Wurin Amshin Bulus

Asabar da ta wuce, bayan la'asar, a unguwar Luggere, yayata Rifkatu ta yi wasanta na farko ita kaɗai tun watsewar ƙungiyarsu ta mawaƙa.

Tana tsakiyar waƙa ta yi shiru, ta waiga hagu. Nan Bulus, ɗan ƙungiyarsu, ya saba tsayawa yana mata amshi. Ya je Mubi ɗauko mahaifiyarsa makon da mahara suka shiga garin, bai dawo ba.

Da aka tashi na ce, "Adda, baitin kika manta?"

Ta ce, "Wurinsa ne. In na cike, ranar da ya dawo ina zai shiga?"

Ban san ko yana raye ba. Ban san wanda ya yi masa ganin ƙarshe ba. Wanda ya san wani abu, don Allah ya rubuta a ƙasa.