Sakan Ashirin Ɗin Da Sassauci Ya Rage

Shekara goma sha tara ya yi yana cike ramin haƙori a wani ƙaramin asibiti, har masu zuwa suka laƙaba masa Sassauci. Yakan kankare ruɓa, ya cusa farin ƙullu a ramin, ya haska masa shuɗiyar fitila domin ya daskare. Takardar ƙullun ta ce a haska sakan arba'in. Shi kuwa ya tsani ganin mutum baki wangame, yawu na zuba, don haka ashirin yake yi, ya ƙwanƙwasa saman da ƙarfe, ya ji tauri, ya sallami mutum. Wannan yake kira tausayi, kuma da shi yake tinƙaho.

'Yar ƙanwarsa tana aiki a ɗakin bincike, inda ake rainon ƙwayoyin halitta masu rai a cikin faifan gilashi. Ta roƙe shi ya daskarar mata da 'yan dunƙulen ciko yadda ya saba, domin ta gwada su a kan ƙwayoyin tare da wasu da ita ta haska sakan arba'in. Ya yi, yana tsokanarta wai ta girma tana kiwon abin da ido ba ya gani.

Bayan kwana uku ta kira shi, ta zaunar da shi gaban madubin bincike. A faifan da aka sa cikon sakan arba'in, ƙwayoyin suna shimfiɗe lafiya. A nasa kuwa sun ƙanƙance, suna yawo a mace.

Ya ce ko faifan ne ya gurɓace. Ta ce sau uku ta maimaita.

"Kawu, sama ce kawai ta nuna. Ƙasan ɗanye ne, yana tsattsafo da abin da ke kashe su. A baki kuwa, kusa da jijiya yake zaune."

Hujja idan ta tsaya, kyakkyawar niyya ba ta iya ture ta. Ya tuna waɗanda suka riƙa dawowa da zogi, yana ce musu raki ne. Cikinsu har da matarsa, wadda ta yi wata biyu tana tauna da gefe ɗaya kafin a cire mata haƙorin turmi, shi kuwa yana mata dariya a gaban 'ya'yansu.

"Nata ma ni ne?"

"Ba zan iya rantsewa ba, Kawu. Ba zan iya wanke ka ba kuma."

Ya nemi ta rubuta masa sakamakon a takarda. Gobe zai kai wa shugaban asibiti, amma yau matarsa zai fara karanta wa.