Hannun Odile Ya Iya, Bakinta Ya Ƙi

Odile Landry ba ta taɓa zaton za a wayi gari wani ya tambaye ta ko ta iya aikinta ba. A gaɓar tekun Texas aka haife ta, a garin masu kamun jatan lande, kuma tun tana budurwa ta shiga aikin motar asibiti. Ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana kwasar mutane daga titi, da bakin ruwa, da ɗakunan kwanansu. Shekarar babbar ambaliya ma a kwalekwale ta yi aikin. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kuma in ta durƙusa kan mara lafiya bakinta rufewa yake yi ruf. In ta miƙo hannu, ya kamata ka san abin da za ka sa mata. In ba ka sani ba, ka matsa ka ba wani wuri.

Aikin jirgin ƙasa da mijinta Curtis ya samu shi ya kawo su garinmu, Brenick, a wata jiha can arewa, tsakiyar gonakin masara. Ko gama kwance kaya ba su yi ba sai ga Vern Hladik a ƙofar gida, hula a hannu. Vern manomi ne, shi ne shugaban 'yan sa-kai masu motar asibitin garin, kuma tsufa ya riga ya cinye masa gwiwoyi.

"An ce kin yi aikin mota a kudu," in ji shi.

"An faɗi gaskiya, Mista Vern."

"To mu biyu muka rage masu lasisi, ni da Dolores Pech. Ita kuma da an gama girbi za ta ajiye, bayanta ya ƙi. Motar ba ta fita sai da masu lasisi biyu a ciki. In babu na biyu, rufe garejin za a yi, duk wanda ya faɗi ya jira motar babban gari."

"Nisa ne?"

"In an kira su kina ɗora tukunya, sai kin sauke kin ci kafin ki ji jiniya."

Odile ta yi dariya, ta ce ya je ya kwanta da hankalinsa. Abin da ya rage kawai a mayar da lasisinta na Texas ya zama na nan. Sai dai takardar shaidarta ta ƙasa baki ɗaya, wadda da ita ce za a karɓe ta ba wahala, ta daɗe da barinta ta mutu, don ba ta taɓa tunanin barin gida ba. Saboda haka aka ce sai ta sake jarrabawa. Ta rubutu ta haye kamar shan ruwa. Saura ta aikin hannu, ita kuwa wannan ko a jikinta. Vern ya kawo mata littafin ɗalibai ta duba, ta sa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Ranar jarrabawa ta tarar da yaran da ta isa ta haifa cike da zaure, kowa yana motsa baki yana hadda. Da aka kira ta, ta shiga ɗaki ta ga mutum-mutumin roba kwance a ƙasa, da mai jarrabawa, wata Janelle Voss, zaune da biro.

"Ya faɗo daga tsani ne. Bismillah," in ji Janelle.

Odile ta ɗaga ido sau ɗaya ta share ɗakin da kallo, ta zura safar hannu, ta durƙusa. Ta riƙe wuya, ta duba numfashi, ta bi jiki da hannu daga kai har tafin ƙafa, ta ɗaure, ta miƙe. Wallahi aiki ne mai kyau, duk wanda ya gani zai so a ce shi ne a kwance. Ko tari ba ta yi ba tun daga farko har ƙarshe.

Janelle ta ajiye biro. "Ki yi haƙuri, Madam Landry. Ba ki ci ba."

"Ban me ba?"

"Ba ki ce kin duba wurin babu haɗari ba. Ba ki ce kin sa safar hannu ba. Ba ki faɗi abin da kika samu ba ko ɗaya."

"Ɗaki ne fa, baiwar Allah! Wane haɗari? Kujera ce za ta cije ni? Safar kuma ga ta a hannuna, ko ba kya gani?"

"Ina gani. Amma abin da ke cikin kanki ba na ganinsa. A ɗakin nan, abin da ban ji ba ba a yi shi ba."

Ɗan koyo ba ya yin wannan kuskuren, don shi ba abin da yake da shi sai haddar, yana shiga zai zubo ta tun ba a tambaye shi ba. Tsohon hannu ne yake faɗawa, wanda idonsa ya saba gama aikin kafin bakinsa ya sani. Yaran nan duk suka haye, Odile ta dawo gida ranta a ɓace, kunya na cinta. Ta rantse wa Curtis ba ta sake komawa ta yi wa roba waƙa.

"Ki rantse a hankali dai," ya ce, "Vern na jira."

"Ya jira. Ni ba aku ba ce."

Ta riƙe maganarta har tsakiyar girbi. Wata rana da la'asar Emmett Sykora ya zame daga saman rumbun masararsa ya faɗo ta baya. Dolores tana asibitin babban gari ana duba nata bayan. Vern ya taso shi kaɗai a motarsa ta gona, ya biya ya ɗauko Odile, a matsayin maƙwabciya kawai. Ta durƙusa cikin ƙaiƙayi ta riƙe kan Emmett da hannu biyu don kada ya motsa. Mutum mai irin wannan faɗuwar ba a jefa shi bayan a-kori-kura. Daga inda take tana hango rufin garejin, motar asibiti na ciki, tankinta cike da mai.

Matar Emmett ta tsaya a kansu tana murza hannu. "Vern, ba ga motarmu can ba? Me muke jira?"

Vern ya kalli takalminsa. Odile ta so ƙasa ta buɗe ta shige. Emmett yana nishi, yana tambayar ko sun kusa, ita kuma tana ce masa sun kusa, har ta gaji da jin ƙaryar a bakinta. Inuwar rumbun ta yi tsawo kafin a ji jiniya daga nesa. Emmett ya rayu, yana ma tafiya yanzu da sanda. Amma Odile ba ta yafe wa kanta wannan jiran ba, kuma ba ta ɗora wa Janelle laifin ba. Ta san girman kanta ne ya rufe garejin ranar.

A ranar, tana shiga gida ta ɗaga teburin ta zaro littafin.

"Curtis, kwanta."

"A ina?"

"Nan, a ƙasa. Ka faɗo daga tsani."

Kullum bayan ya dawo aiki sai ya miƙe a tsakar kicin da kayan aikinsa, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya.

"Na sa safar hannu! Na duba wurin, babu haɗari!"

"Akwai haɗari, Odi. Miyar kuɓewarki na ƙonewa."

"Rufe min baki, kai a sume kake."

Da farko maganar tana sarƙe mata hannu, in ta faɗa sai ta manta ta yi, in ta yi sai ta manta ta faɗa. Ba ta fasa ba. Har a shagon sayayya an ji ta tana gaya wa kanta abin da take ɗauka, mutanen gari suka fara kallon juna.

Da ta koma, Janelle ce dai a kujerar. Odile ta tsaya a ƙofa ta sanar da safarta da lafiyar wurin da muryar da ta sa na ɗakin gaba suka leƙo. Ta faɗi kowane ƙashi da ta taɓa, ta faɗi abin da take nema da abin da ta samu, hannun kuma bai rage sauri ba.

"Madam Landry," in ji Janelle, tana danne dariya, "kin ci. Amma mutumin nan faɗuwa ya yi, ba kurma ba ne."

"Ke kika ce sai kin ji. To kin ji?"

"Duk gundumar ta ji."

Lasisin ya iso ana kwashe ƙarshen masara. Dolores ta miƙa mata rigar aikinta ta ce ta bar ta lafiya. Kira na farko ya zo wata safiya, Odile tana shanya. Ta bar kwandon a nan, ta tarar da Vern ya riga ya ɗaga ƙofar gareji, ta ture shi gefen fasinja ta kama sitiyari. Madam Kolar ce, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bayan coci, ta zame a kicin ƙugunta ya ƙi tashi.

Suka same ta kwance a gefen firji, waya manne a kunnenta, tana magana da mai karɓar kiran gaggawa. Ta kalli Vern, ta kalli Odile.

"Ke ce 'yar kudun da ta faɗi jarrabawa?"

"Ni ce, Madam Kolar. Kada ki motsa, zan taɓa ƙugunki yanzu."

Tsohuwar ba ta motsa ba. Idonta ya ciko, ta gyara wayar a kunne.

"'Yar nan, ba sai kin turo motar babban gari ba," ta ce wa mai karɓar kira. "Namu ne. Har sun iso."