Baban Tukunya da Farin Hayaƙi

A masana'antar sabulun ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baban Tukunya ake ce masa, domin tun gashinsa yana baƙi wuluk yake kula da babbar tukunyar tururi da ke dafa sabulun. 'Ya'yansa biyar sun taso suna kiranta Yaya. A cewarsu ita ce 'yar fari a gidan, ita kaɗai ce kuma ba ya ɗaga wa murya. Tsummokin goge ta bakwai ne, kowanne da wurin aikinsa. Ya san adadin ƙusoshinta da ka, amma in ka tambaye shi jikokinsa nawa, sai ya koma ga yatsu.

Matarsa ba ta cikin masoyan Yaya. Gidansu na bayan katangar masana'antar, kuma duk farin zanen da ta shanya sai ta kwashe shi da ɗigo-ɗigon baƙi. Ita ce ma ta ja matan layin suka kai ƙara ofis, ta dawo ta zuba masa abinci kamar ba ita ba.

Ana cikin haka sai manyan kantunan da ke sayen sabulun suka kafe. Suka ce ba za su ƙara ɗauka ba sai an kawo wani daga waje, wanda ba ya cin albashin kamfanin, ya tabbatar da yawan iskar kabon da masana'antar ta ce tana fitarwa. Manaja ya kira Baba ya faɗa masa gaskiya: idan bincike ya nuna tukunyar na shan mai fiye da kima, za a cire ta a kawo mai aiki da lantarki. Bai ce komai ba game da wanda zai kula da sabuwar. Baba ma bai tambaya ba, don yana tsoron amsar.

A fahimtarsa, kabon shi ne baƙin hayaƙin nan da matarsa ke mita a kai. To, wannan ai mai sauƙi ne. Ya wangale ƙofofin iskar tukunyar duka huɗu, hayaƙi ya washe. Da tururi ya fara rauni saboda iskar ta yi yawa, sai ya ƙara wa Yaya mai. Ya sa aka shafe bututun hayaƙin da bokiti uku na farin fenti. Wanki ya riƙa fita fes a layin, har matarsa ta ƙara masa nama a kwano ba tare da ta ce don me ba.

Mai binciken ta zo, wata matashiya da hular kwano da ta yi mata yawa. Baba ya tarbe ta da sabuwar rigar aiki, ya bi da ita ta inda bututun ya fi kyan gani. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ya yi gyaran murya, ya kalli sama, ya sake kallo. Ita kuwa tankin mai ta nufa, ta durƙusa gaban mitarsa, sannan ta tambayi manaja abin da ya sa shan mai ya yi tsallen kashi ɗaya cikin huɗu a 'yan makonnin nan. Manaja ya hau lalubar aljihu kamar amsar na ciki.

Baba ya matso, ƙirji a gaba. "Ni ne, Malama. Saboda zuwanki na yi. Ɗaga kanki ki gani."

Ta ɗaga, hular ta kusa faɗuwa. Ta ce lallai ya yi kyau, sannan ta yi masa bayani a hankali cewa kabon ba shi da launi, daga man da aka ƙona ake lissafa shi.

Baba ya ce, "To a rubuta na bara mana. Bara ba ta da ci haka."

"Na bara ma na duba, Baba. Tun can tana sha fiye da abin da aka rubuta mata. Kai dai ka sa abin ya fito fili ne."

Ta ƙi sa hannu sai an gyara adadin. Kamfani ya gyara, kantuna suka ci gaba da saye bisa sharaɗin a canza tukunyar. Ranar da masu yankan ƙarfe suka zo cire Yaya, Baba ya aiko cewa zazzaɓi ya rufe shi, matarsa kuwa ta ce ba ta ji zafi a goshinsa ba.

Da ya warke ya shiga ofis riƙe da hularsa, yana jiran sallama. Manaja ya miƙa masa mabuɗin ɗakin sabuwar, ya ce sharaɗi ɗaya ne: in za a yi baƙi, kada ya yi musu wata bajinta sai ya tambaya.

Yanzu yana zaune gabanta a kan kujera mai taya, yana kallon allo. Duk wanda ya leƙo sai ya riƙe shi da ƙorafi: wannan ba ta tari, ba ta nishi, in ba ta da lafiya yaya mutum zai gane?